Labarin Da Na Kawo Wa Inna Daga Isa

Shekarar nan ta ba ni wuya. Ba ni da wata kalma da ta fi wannan, kuma ba za ni yi mata ado ba. Ita ce shekarar da anka rufe layukan waya a yankinmu saboda mutanen daji, wayar kowa ta koma fitila da agogo. Kasuwar awaki ta mutu rabi, don Fulanin da muke saye a hannunsu wasu sun ƙetare iyaka, wasu sun daina fitowa. Hanyar Sabon Birni zuwa Isa, wadda da nake bi ina gyangyaɗi da kan akuya bisa cinyata, ta zama sai mutum ya yi alwala ya yi sallama da iyali kafin ya hau mota. Gwiwata ta hagu ma a shekarar ta fara ciwo. Ga Inna, kakarku, yanar ido ta gama rufe mata gani, tana zaune a ɗakin da ke kusa da turken awaki, ba ta da aiki sai tasbaha da sauraren takun mutane. Amma duk sanda na tuna shekarar, dariya ke riga ɓacin rai zuwa, kuma dalilin ke nan da za ni faɗa muku.

Da farko a 'yan layuka na rubuta labarin: an rufe waya, Kulu ta haihu, na je Isa na dawo, Inna ta yi fushi, daga baya ta huce. Na ga ya isa. Sai yayarku Asma'u ta zo hutu daga makarantarta ta Sakkwato, ta ɗauki takardar ta karanta, ta juya bayanta ta gan shi fari fat.

"Baba, ina sauran?"

"Sauran mi? Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Amma Turawa suna da wata magana. In mutum ya kawo zance tsurarsa haka, sai su ce ya sa wa ƙashin nama. Wato ya faɗi wa ya ce mi, ina anka tsaya, mi ido ya gani. Malaminmu kullum ita yake rubuta muna a gefen takarda."

"Wato in ƙara gishiri."

"A'a, Baba. Gishiri daga waje ake kawo shi. Naman na dabbar ne tun asali, kai ne ka zare shi ka baro can."

Na dube ta, na ce mata Turawanta sun makara. Kakarta da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta riga su gaya mini, kuma ba a gefen takarda ta rubuta ba, a gaban matata ta faɗa, ina tsugune kamar ɗan akuyar da ruwa ya daka. To, ga naman.

Kun san halina. Ni ba ni son dogon zance. A kara, kasuwar dabbobi, in an taya akuya, ko in ce albarka ko in ce na sallama, shi ke nan. Tun ina yaro haka nake, makarantar boko ma ba ta riƙe ni da yawa ba, don malamin yana tambaya ina ba shi kalma guda. Ƙanwata Kulu kuwa, autar Inna, ita ta kwashe rabon bakin gidanmu duka. Bahaguwa ce, ga saurin hannu, ga harshe kamar aska. Tana aure a Isa wurin Mamman mai ɗinki. Haihuwarta ta baya ta kusa tafiya da ita: jini ya ɓalle, ɗan bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar anka ƙwato ta. Saboda haka da ta sake samun ciki, Inna ba ta ƙara barci mai daɗi ba. Duk tsayuwar wata sai ta sa uwarku Luba ta fita ta dubo mata shi. Ta so a kawo Kulu gida ta haihu a gabanta, hanya ta hana. Da watan haihuwa ya kama, ya yi nisa, ba waya ba ɗan aike, sai wata safiya ta kira ni. Ba ta faɗin sunana, don ni ne ɗan fari. Mai awaki take ce mini.

"Mai awaki, ka tahi ka gano min ɗiyata."

Ban yi musu ba. Na hau motar safe, muna jere da wasu motoci kamar yadda ake yi a lokacin, kowa bakinsa na motsi ba mai magana. Allah ya kai mu lafiya. Ina isa ƙofar gidan, Mamman ya fito da gudu, zare rataye a wuyansa, ya rungume ni har hulata ta karkace.

"Biyu, Yaya! Biyu! Namiji da mace!"

Na yi hamdala. Ya ce kwananta uku da sauka, yana ta neman wanda zai aiko ya rasa. Ya ja ni cikin gida. Ɗakin Kulu cike yake da mata, hayaƙin turare na fitowa ta asabari, ana ta shewa. Ni ba mai kutsawa cikin taron mata ba ne. Na tsaya daga waje na yi barka, anka amsa, na ji muryarta a ciki. Na ɗan zagaya tsakar gida. Wani abu ya faru a nan wanda a lokacin ban ɗauke shi labari ba, za ku ji shi. Direba kuwa ya riga ya gaya muna ba ya jiran kowa, duk wanda azahar ta yi bai dawo tasha ba ya nemi wurin kwana. Na sha ruwa, na karɓi goro, na juyo.

Da la'asar na shigo gida. Tun daga zaure Inna ta gane takuna. Na same ta zaune a bakin ƙofa, ta miƙo wuya wajen da nake.

"Ina labari?"

"Sai alheri. Ta sauka."

"Mi tas samu?"

"Biyu."

"Biyu mi? Awaki?"

"Namiji da mace."

Luba ta rangaɗa guɗa daga madafa. Inna ba ta motsa ba.

"Ita hwa?"

"Lahiya lau."

"Ka gan ta da idonka?"

"Na ji muryarta."

"Mi tac ce?"

"Ta ce lahiya."

Na miƙa mata goron, na tashi na tafi duba awakina, zuciyata fari tas. A ganina na yi aiki. Na sa raina a hanya, na je, na dawo, na kawo albishir mai kai biyu. Me ya rage?

Abin da ya rage shi ne na manta a wane gari nake. Ku yaran yanzu kuna jin rasuwa a waya kafin gawa ta yi sanyi. Mu ba haka muka taso ba. A wurinmu ba a jefa wa tsoho mugun labari. Wanda ya zo da shi sai ya taƙaita zance, ya ce lafiya lau, ya ce jiki ne ɗan kaɗan, ya tashi da sauri ya bar wurin. Sai a lallashi tsohon ya ci abinci, a tara manya, sa'an nan a faɗa masa. Haka anka yi wa Inna ranar da mahaifina ya rasu wurin cin rani. Ƙanensa ya zo ya tsuguna, ya ce yana lafiya yana gaishe ku, ya miƙa mata goro, ya tashi. Ta ci tuwonta har da suɗe hannu, sa'an nan dattawa sunka yi sallama. Tun daga ranar ba ta yarda da gajeren labari ba. Ni kuwa na zo na tsuguna, na ce lafiya lau, na miƙa goro, na tashi da sauri. Ko shiryawa na yi ba za ni kwaikwayi baffana fiye da haka ba.

Luba ta kai mata tuwo, ta ture. Ta dama mata fura, ta kau da kai.

"Inna, ki ɗan taɓa mana, yau ai ranar murna ce."

"Na san wanga lallashi. Kuna jira in ci ku hwaɗa min. To ba ni ci."

Washegari ba ta karya ba. Da na dawo daga kara da azahar, na tarar ta ɗaure ƙunshi: kanwa, yajin jego da ta daɗe da sa a daka, zannuwa biyu, da mayafinta. Ta ajiye shi bisa cinya ta rungume. Ta ce gobe za ta hau motar safe, ko da wanda zai riƙe mata sanda ko babu. In Kulu na da rai ta shafa fuskarta, in ta tafi ta shafa ƙasar da anka rufe ta. Tsohuwar da ba ta gani, ba ta iya sauka daga mota ba a ɗauke ta ba, a hanyar da masu ƙafa ma in an tare sai wanda Allah ya tsirar. Ga shi kwana guda ba ta sa komai a ciki ba. Na yi rantsuwa, ta ce baffana ma ya rantse. Na ɗaga murya, ta ce in ɗaga da kyau maƙwabta su ji yadda nake yi wa uwata. Luba ta ja ni bayan rumbu.

"Malam, laifinka ne. Ka je garin mutane ka dawo da magana ba ta cika cokali ba. Koma ka ƙara mata zance."

"Wane zance? Abin da ya faru na faɗa."

"Ka ƙara dai."

Nan na yi wautar da ta fi ta farko. Na ɗauka cewa take in ƙirƙiro. Na tsaya ina tunanin irin abin da 'ya ta gari ke aiko wa uwarta, irin wanda nake ji ana karantawa a gaishe-gaishen rediyo. Na haɗa shi tsaf a kaina, na koma na tsuguna, na gyara murya.

"Inna, jiya gajiya ta sa na manta saƙonki. Kulu ta ce a gaishe ki ƙwarai da gaske. Ta ce tana tuna ki dare da rana. Ta ce duk wahalar da ta ba ki tun tana ƙarama, don Allah ki yafe mata."

Na ji ludayi ya faɗi daga hannun Luba. Inna ta saki salati mai tsawo.

"Kulu? Kulu tac ce in yahe mata? Yarinyar da in ta hwasa min tukunya sai tac ce tukunyar ce ta tsuhwa? Wanda ke neman gahwara ai ya hango hanya! Wayyo autata!"

Ta fara lalubar sanda. Ta ce ba ma sai gobe ba, a kai ta tasha yanzu ta kwana can. Ta miƙe, ƙunshin a hammata. Ni mutumin da ke kayar da bunsuru da hannu guda, na rasa inda za ni riƙe ta. Na ce ƙarya na yi, Kulu ba ta faɗi haka ba. Ta ce to wanne ne ƙaryar, na jiya ko na yau?

Allah ya yi wa uwarku albarka. Ba ta taɓa Inna ba, ba ta ba ta haƙuri ba. Ta jawo 'yar kujerarta ta zauna, ta ɗauki ludayinta tana gogewa da gefen zane, ta tambaye ni kamar muna hira ranar sallah.

"Malam, halan Mamman ya samu ragon suna kuwa, da wannan tsada?"

Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"Biyu ma ya saya. Guda uda ne, gabansa baƙi bayansa fari, kunnuwa har kafaɗa, daga ganin gashinsa ta hayin iyaka anka shigo da shi. Wannan ya yi sa'a. Amma na biyun an cuce shi. Fari ne mai baƙi a ido, ƙahon dama ya gutsure a tsini, an cika masa ciki da dusa da ruwa don ya yi kyan gani. Tsoho ne tukuf. Da ya jira ni da ban bari ya saya ba."

"A turke ya ɗaure su?" in ji Luba.

"Ina! Turken ai jar akuya na kai da ɗanta. A gindin darbejiya ya ɗaure su, jikin itacen wanka."

Inna ta tsaya da lalube.

"Wace jar akuya?"

"Jikar wadda kika ba Kulu da aure. Tsagar kunnen iri guda, har farin da ke ƙafar baya."

"Itacen wankan da yawa?"

"Ya kai ƙirjina, amma an ci gefe guda sosai. Kirya ce, mai kyau. Ga toka tuli a ƙarƙashin tukunyar. Udan ma sai jan ganyen darbejiyar da anka zubar bayan wanka yake, na kore shi, don ganyen da zafinsa, har tururi yake."

"Tururi," in ji Inna. Ta maimaita a hankali, kamar mai tauna dabino. "Da hantsi ganye na tururi. To an yi wankan sahe."

Ta koma ta zauna, amma ba ta saki ƙunshin ba. Luba ta ci gaba da jan zaren, ni kuwa ina ta zuba, don in dai zancen dabba ne ba ni gajiya. Na faɗi yadda mata ke lugude a turmi har udan ya firgita ya kusa tsinke igiya. Na faɗi ƙafafun sa da ake babbakewa na ƙauri a bayan madafa, na ce ba babban sa ba ne amma mai ƙiba ne, daga kofaton na gane. Na faɗi uwar Mamman da ta wuce da ƙwaryar kunun kanwa tana yi wa akuya tsawa. Duk abin nan idona ya gani jiya, yana nan a kaina, ban taɓa zaton kaya ne da ake kawo wa mutum ba. Inna tana ji tana gyaɗa kai. Ta ce gidan makoki ba a lugude, wannan ta yarda. Amma ana yi wa mai jinya wanka, ana dama mata kunu ko ba ta iya sha. Ita ɗiyarta take so, ba tukunya ba.

Luba ta dube ni ta gefen ido.

"Wai Malam, yaya ka san farin ragon tsoho ne?"

"Na buɗe bakinsa mana."

"A gidan surukai? Ranar barka? Ba wanda ya ce maka komai?"

Na yi shiru. Inna ta juyo da fuskarta wajena. Makaho ya fi mai ido jin shirun mutum.

"Mai awaki. Wa yac ce maka mi?"

Ba yadda za ni yi. Na faɗa musu. Ina durƙushe na matse ragon tsakanin gwiwoyina, na ɗaga leɓensa ina duba haƙora, sai na ji an ɗaga asabari, murya ta fito har maƙwabta na ji.

"Yaya Nomau! Barka kaz zo ko cin kasuwa? Saki bakin ragon ɗiyana! Mutum ya ƙetaro daji bai leƙo ɗiyan ƙanwarshi ba, ya tsaya ƙirgar haƙoran tunkiya! Ka gaya ma Inna ɗanta na nan yadda tas san shi!"

Kafin in ɗago, ludayin kunu ya taso daga cikin ɗakin ya same ni a hula. Matan sunka kwashe da dariya har wata na tari. Ni kuwa na cire hular na cusa a aljihu, na yi wa Mamman sallama. Wannan ne ban faɗa ba. Wa zai dawo gida ya ce ƙanwarsa ta jefe shi da ludayi a gaban mata?

"Ina hular?" in ji Inna.

Tana aljihun rigar jiya, rataye a ƙusa. Luba ta ɗauko ta sa mata a hannu. Inna ta shafa har ta samu wurin da kunun ya bushe ya yi ɓawo. Ta kai hanci. Ta sake kaiwa. Ta ɗan kankara da farce ta ɗora a harshe.

"Kanwa ta ji. Yaji ya ji." Ta ɗago kai. "Daga ɗakinta har gindin darbejiya?"

"Har can."

"Kuma ta samu hula."

"Tsakiyarta."

Sai kafaɗunta sunka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta taso mata tun daga ciki. Ta yi dariya har ƙunshin ya zame ya faɗi, har hawaye na bin kumatunta, tana buga hular a gwiwa tana cewa bahaguwata, bahaguwata, hannun nan bai taɓa kuskure ba. Luba ta rangaɗa guɗar da ta fi ta jiya, maƙwabta sunka leƙo ta katanga. Inna ta ce macen da jini ke zuba ba ta jifa daga ɗaki har gindin itace. Ta ce a kawo mata tuwon jiya ko da sanyinsa, a dama fura kuma, a sa nono da yawa. Tana ci tana sa ni ina maimaita maganar Kulu, in na rage kalma ta ce ba haka kac ce ɗazu ba. Da ta ƙoshi ta wanke hannu, ta juyo kaina.

"Kai, Mai awaki. Saƙona na cikin aljihunka kwana guda, ka bar ni da yunwa. Na aike ka ka kawo min nama, ka zare ƙashi ka kawo, ka baro naman a Isa. Da nac ce bai isa ba, ka ɗebo gishiri ka zuba ma ƙashi. Wa ka cin wanga?"

Kin ji, Asma'u. Ki kai wa malaminku.

Na ce to, ai yanzu magana ta ƙare. Ta ce wace magana? Ta fara jero tambaya. Wa ya riga fitowa, namijin ko macen? Wa ya fi girma? Kunnen wa sunka ɗauko, namu manya ko na gidan Mamman? Suna da gashi? Macen tana da ɗan ramin haɓa irin na Kulu? Suna kama nono da kyau? Ko guda ban sani ba. Na san haƙoran rago, ban san fuskar 'ya'yan ƙanwata ba. Ta laluba ƙasa ta ɗauko ƙunshin, ta zare mayafinta daga ciki, ta turo mini sauran da ƙafa.

"Ni na hwasa tahiya. Amma yajin ga ba ya kai kanshi."

Na dubi Luba. Dariyarta ta ɗauke. Ta san hanyar, ta san jiya da na fita ba ta iya zama wuri guda ba har na dawo. Inna ma ta sani, don ta ƙara da cewa in ban iya ba a bari, ba ta tilasta ni, ta ji abin da take son ji. Da gaske take. Amma na ga yadda ta riƙe hular nan a ƙirji kamar jariri, na san idon da za ta ga jikokinta da shi a kaina yake, ba ta da wani. Luba ba ta ce kada in je ba. Ta tashi ta ɗauko wani zanen ta ƙara a ƙunshin, ta ɗaure shi da kyau, ta daɗe tana jan kullin.

Kada ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi daga nan. Labari ya bazu a unguwa cewa Nomau ya iya kawo labari. Har anka buɗe waya ban huta ba. Duk sanda za ni wata kasuwa, sai in tarar da tsofaffi a zaure: in ka je Kurawa ka dubo min ƙanwata, ka ga ko ta rame; in ka bi ta Tsamaye ka duba ko geron wane ya yi. In na dawo su zauna su tatse ni kamar saniya, ba mai yarda da lafiya lau. Awakina sun sha yunwa saboda zancen mutane. Har yau ban ce ina son dogon zance ba. Amma na ga tsohuwa ta ci tuwo saboda ɓawon kunu a hula, kuma ta rayu har ta ɗora Hasan da Hasana a cinya ta shafa kunnuwansu ta ce ban yi mata ƙarya ba.

Da gari ya waye na yi sallah, na sa wata hular, na ɗauki ƙunshin. A tasha na sayi sabon ludayi na soka a ciki. Munka isa Isa da hantsi. Na wuce Mamman a zaure, na wuce ragunan ko kallonsu ban yi ba, ko da yake farin ya yi tari na ji. Na yi sallama a bakin asabari, na cire takalmi, na kutsa cikin matan nan da hayaƙinsu, na nemi wuri na zauna a ƙasa. Kulu tana kan gado ta yi jawur da wanka, ta riƙe baki tana kallona. Na ajiye mata ludayin a gabanta, na ce wancan ya tsage. Sa'an nan na miƙa hannu biyu na ce a ba ni wanda ya riga fitowa. Anka ɗora mini macen. Na juya ta wajen hasken ƙofa, na duba haɓa, ga ramin nan. Na kama kunnen a hankali na ɗaga shi.

"Yaya," in ji Kulu, "kada dai ka buɗe mata baki. Ba ta da ko guda."

Na ce ta yi shiru, aiki nake. Na ce a miƙo namijin.